Gurmi a Bangon Kaftin

Ni dai laifina ɗaya ne, na aika gida da magana, kafin ta isa ta fi ni girma.

Wani mai jaki ne zai bi ta ƙauyenmu can bayan Dungu, ya ce me zai gaya wa mutanen gida. Na ce, "Ka ce musu Illa yana Matameye, igiyar Nasara a hannunsa take." Kuma wallahi ban yi ƙarya ba. Shekarar nan Faransawa na auna hanyar Ɗan Barto, Kaftin ɗinsu ya sauka a bariki, zazzaɓi ya danne shi, aka rataya masa fanka a ɗaki. Fankar wani faffaɗan katako ne da aka ɗaura wa zane. Igiyarta ta ratsa wani zoben ƙarfe a jikin azara, ta fito ta ƙaramin rami a bango. A bayan bangon nan nake zama tun hantsi har la'asar, in ja, in saki. In na tsaya sosa ƙeya kawai, sai in ji "Fanka!" daga ciki, har ƙadangarun bango su watse. Kafaɗata ta dama ta fi ta hagu kauri. Ko tuwo nake ci, hannun ja yake yana saki.

Amma aikin yana da daɗinsa. In rana ta take, gari ya yi shiru, sai in lumshe ido in ga kamar guga nake ja daga wata rijiya marar ƙarshe. Wani lokaci gajimare ne a ɗaure a bakin igiyar, ina janyo shi daga gabas a hankali, har in ji ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya.

Ina cikin janyo gajimaren nan ranar kasuwa, na ji an ce, "Illa? Kai ne a ƙasa?"

Na buɗe ido. Gwaggo Baiwa ce, ƙanwar babana, da ƙwaryar ƙwan zabi a ka, irin gaisuwar da ake kai wa manya. A bayanta mijinta ne, Baba Almu makaɗi, ya riƙe hannuwansa a gaba kamar na aro.

"Gwaggo, sannunku da hanya. Ku yi haƙuri ba zan tashi ba, ina kan mulki."

Ta dubi igiyar, ta bi ta da ido har ramin bango, ta dawo ta dube ni.

"Wannan ce igiyar?"

"Ita ce. In na sake ta, Faransa gaba ɗaya zufa za ta yi."

"Ubanka ya yanka zakara saboda wannan igiyar, ɗan banza."

Ta sauke ƙwaryar, amma ta ajiye ta nesa da ni.

Baba Almu ya zauna a gefena, ya ba ni labari a hankali. Nasara sun naɗa wani mai suna Shekara maigarinmu, sun tsallake yayansa, saboda Shekara ne ya fi saurin tura samari aikin hanya. Baba ya yi masa waƙa, gajeriya: "Rawani ya yi wa kai yawa, Shekara, riƙe da hannu kar iska ta gani." Kwana biyu 'yan mata sun ɗauke ta, da ita ake daka. Shekara ya kai ƙara, gardi, wato dogarin Nasara, ya zo ya ƙwace gurmin Baba, gurmin da ya gada daga kakansa.

Ni kuwa na san inda gurmin yake. In na kara ido a ramin igiya ina hango shi a rataye a bango, tsakanin takobi da wani faifai. Kaftin bai ma tuna dalilin zuwan gurmin ba, ado ya mai da shi. Kuma na ji Isufu tafinta yana cewa gobe da safe za a zuba kayan bangon a akwati, a kai Damagaram, daga can sai Faransa.

"Ka yi masa magana," in ji Baba. "Kullum kuna tare."

"Baba, wata biyu ke nan, tafin ƙafarsa kawai na sani."

Baba ya jingina da bango, daidai inda gurmin yake ta ciki, ya rufe ido. Yatsunsa suka fara motsi a kan gwiwa, suna taɓa tsirkiyar da babu. Ba na son ganin haka, sai na mai da hankali ga aikina.

To zoben ƙarfen nan bai taɓa ganin mai ba. In na ja da ƙarfi sai ya yi kuka siriri, in na saki sai ya yi gurnani. Murya biyu ke nan, ta sama da ta ƙasa, kuma kowane ɗan Hausa ya san da murya biyu kalangu yake zagin mutum. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya bi yatsun Baba. Ja, ja, saki. Ra-wa-ni. Ja, saki, saki.

Gardin da ke bakin ƙofa ne ya fara ganewa, ya cusa hularsa a baki. Mai wanki ya tsaya da riga a hannu. Wata mai tallan fura a bayan danga ta ɗauki amshi a ƙasan maƙoshi. Barikin Nasara da kansa yana rera wa Shekara habaici, mai barikin kuwa yana ciki yana shan iskar. Baba bai buɗe ido ba, amma na ga gemunsa yana rawa. Ni kuma na tafi can, na ga rawanin Shekara ya warware ya tashi sama, yana ta tsawo, ya wuce kan gawo, ya wuce garin Dawce, tsuntsaye na sauka a kai suna hutawa.

Ban san la'asar ta wuce ba. Ranar ko sau ɗaya ba a ce "Fanka" ba.

Sai ga Isufu tafinta ya zagayo a ruɗe. "Kai, mahaukaci, ana kiran ka. Kashe mu za ka yi?"

Na shiga, na durƙusa. Ashe Kaftin ƙaramin mutum ne, da gashin baki kamar gemun masara. Ya yi magana, Isufu ya juya: tunda ya zo ƙasar nan bai yi barci irin na yau ba, wane kiɗa ne nake yi da fanka?

Bakina ya riga hankalina, na kira shi Mushe, yadda ake kiran Faransawa. "Mushe, ba nawa ba ne, kwaikwayo nake. Na ainihin yana cikin wancan," na nuna bango, "mai fito da shi kuma yana waje."

Aka shigo da Baba. Da aka miƙa masa gurmin sai da ya hura ƙurar fatar, ya goge da hannun riga, ya ɗaure tsirkiya, duk bai dubi kowa ba. Na yi ta ƙifta masa ido ya kaɗa kawai kar ya rera. Ina! Mutumin da ya yi kwana ashirin ba gurmi? Ya saki murya, har Shekara ya ambata, sau uku.

Kaftin ya ɗaga yatsa, ya ji sunan da ya sani. Ya juya ga Isufu.

Isufu ya yi Faransanci, ya zana ƙaton rawani da hannu biyu a saman kansa. Daga baya ya rantse mini bai yi ƙarya ba: cewa ya yi waƙar na faɗin rawanin da Kaftin ya ba Shekara babba ne ƙwarai, har iska na kishi. "Yawa" ce kawai ya mai da "girma".

Kaftin ya yi dariya, ya buga cinya. Ya ce irin mutanen da Faransa ke so ke nan. A mai da wa tsoho abinsa, gardi ya raka shi gida, tsohon ya rera wa Shekara waƙar a ƙofar gidansa, gaban jama'a, kyauta daga Kaftin.

Na raka su har bakin kasuwa. Gwaggo ta damƙa mini ƙwai biyu cikin ƙwaryar, sauran ta ce na Isufu ne, shi ya yi aikin. Baba yana rungume da gurmi kamar jinjiri, amma goshinsa a tattare.

"Illa, gardin nan kwana ɗaya zai yi ya dawo. Ni kuwa da Shekara rijiya ɗaya muke sha."

"To ka rera a hankali, Baba."

Ya taɓa tsirkiya sau biyu, ya karkata kunne.

"Kai, me ya dace da 'gardi'? Baiti ɗaya ba zai isa taro ba."

Suka miƙi hanyar Dungu, gardi a gaba da bindiga, Gwaggo a tsakiya tana faɗa, Baba a baya yana gwada baiti na biyu.