Rai Uku na Gajere

Duk ranar Asabar, da an idar da sallar la'asar, falona ya tashi daga nawa. Mijina Rabe zai rufe shagonsa na kayan wuta a Babbar Kasuwa da wuri, ya dawo Unguwar Dosa yana sauri kamar an kira shi a kan gaggawa. Yayana Ila, wanda ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, zai biyo baya da 'yar ledar gyaɗa. Su ture mini kujeru, su baje a kan kafet, su jona wata tsohuwar na'urar gem da ta girmi aurena. Maza biyu ne masu furfura a gemu, kowannensu da 'ya'yan da suka isa aike, amma sai ka ji su suna roƙon wani ɗan mutum na cikin talabijin ya yi wa Allah ya yi tsalle.

Sunan wasan na ainihi yana jikin kaset ɗin da wani rubutu da ba wanda ya taɓa iya karantawa, su dai Gajere suke ce masa. Wani ɗan duƙurƙusa ne da jaka a baya, aikinsa gudu zuwa hannun dama, tsallake ramuka, da taka kan wasu kwaɗi masu ƙaho. Rai uku ake ba shi. In ukun suka ƙare, ko da kana bakin ƙofar ƙarshe ne, sai a mayar da kai farkon fari, ba ajiya, ba lallashi. Akwai wata gada can ciki da take zubewa da zarar an taka ta, kuma tun suna samari a gidan gem na layinmu har yau, ba su taɓa haye ta ba. Ka'idarsu ɗaya ce, ita ma daga gidan gem ɗin suka taso da ita: hannu ɗaya ake bugawa da shi, wato ɗan abin dannawar nan mai waya, kuma wanda ya mutu ya miƙa wa ɗan uwansa.

Da buga wasan kawai suke yi da na huta. Musun ne yake cinye mini kunne. Rabe ya yi imani cewa waɗanda suka ƙirƙiri Gajere ba su da tausayi, Yaya Ila kuwa ya ɗauke su masu hikima.

"Kai dai ka faɗi gaskiya," in ji Rabe. "Mutumin da ya hana a yi sebin, a ajiye wasa a inda aka tsaya, bai taɓa zama a garin da ake ɗauke wuta ba. Sau nawa muna dab da gada aka ɗauke?"

"Wannan laifin wuta ne, ba laifin gem ba," in ji Yaya Ila yana ɓare gyaɗa. "In ka san za a tashe ka a inda ka faɗi, me zai sa ka kula da ƙafarka? Rai ukun nan shi ne gishirin abin."

"To agogon fa? Ana korar ka da kwaɗi, ana korar ka da rami, sannan a ɗora maka agogo a ka."

"Don irinka aka sa shi. In ba agogo, sai ka kwana a lebul ɗaya kana tsintar 'ya'yan itace."

Haka za su bi komai ɗaya bayan ɗaya: me ya sa Gajere yake santsi in ya tsaya da gudu, me ya sa aka ɓoye tubali a sararin sama inda ba mai gani sai ya buge kai, me ya sa ruwa yake kashe shi alhali yana iya faɗowa daga kan dutse ya tashi garau. Suna da wani guruf a waya na tsofaffin 'yan gidan gem, inda ake ci gaba da wannan shari'ar duk mako. Wani Zakariyya da ke Rigachikun ya taɓa turo saƙon murya mai tsawon huɗuba a kan tubalin ɓoye kaɗai. Ni dai nakan ajiye musu zoɓo in ce Allah ya shirya, amma gaskiya ina son hayaniyar. Tun rasuwar mahaifinmu, ba inda nake jin dariyar Yaya Ila sosai sai a falon nan.

Ana haka aka yi wa Yaya Ila canjin wurin aiki zuwa Yola, zai tashi ƙarshen wata. Da ya faɗa mana, Rabe ya ce Allah ya sa alheri, sannan ya tashi ya hau gyara wayar talabijin da ba abin da ya same ta. Na san mijina. In abu ya dame shi ba ya magana, sayayya yake yi.

Asabar ta gaba sai ga shi da wani ɗan akwati baƙi da bai fi sabulun wanka ba, ya samo a wurin maƙwabcinsa a kasuwa. Tsofaffin wasanni ne cike a ciki, har da Gajere, kuma yana da abin da Rabe ya daɗe yana mafarki: za ka iya ajiye wasa a duk inda ka ga dama, in ma ka faɗa rami akwai maɓallin da za ka danna a janyo ka baya kamar ba a yi ba.

"Kafin ka bar Kaduna sai mun ga ƙarshen Gajere," in ji shi, fuskarsa kamar ta ango. "Na rantse sai mun haye gadar nan."

Yaya Ila ya juya akwatin a hannu, ya taɓe baki, ya ce, "Bismilla, mu gani."

Rabe ya fara. Ya yi gudu, ya yi tsalle, kwaɗo ya cafke shi. Yaya Ila ya miƙo hannu zai karɓa, sai Rabe ya danna maɓallin nan, Gajere ya dawo da baya ya tsaya da ƙafarsa.

"Ka mutu fa," in ji Yaya Ila.

"Ina? Duba sama, rai uku cif."

"Da idona na ga kwaɗo ya cinye ka."

"Ai an fasa. Shi ne amfanin abin."

A ka'ida Rabe bai karya doka ba, tunda ba a rage masa rai ba. Haka ya yi ta faɗawa yana fasawa har aka kira magariba, shi kuwa Yaya Ila ya cinye gyaɗarsa shi kaɗai, hannunsa bai taɓa komai ba sai ɓawo. Mijina bai ma lura ba. Idonsa na kan allo, yana ta murna yana cewa, "Ka gani ko? Ka ga inda muka zo?" Shi a zuciyarsa kyauta yake haɗa wa abokinsa. Ni da nake gefe ina tsince shinkafa, na ga yadda Yaya Ila ya sa takalmi ba tare da ya tsaya musun tubali ba, na san an yi ɓarna.

Asabar ɗin da ta biyo bai zo ba. Ya aiko cewa yana haɗa kaya. Mutumin da duk kayansa ba su cika bayan mota ɗaya ba, kuma matarsa Ladidi ta gaya mini a waya cewa yana kwance a falo yana sauraron rediyo. A guruf kuwa wuta ta kama. Rabe ya tura hoton Gajere tsaye a hayin gada, 'yan ɓangarensa suka yi ta jinjina, Zakariyya ya turo wata huɗubar yana cewa wannan ai kamar a ɗauke ka a mota a kai ka layin ƙarshe ne a ce ka ci tsere. Yaya Ila, wanda shi ne limamin wannan ɓangaren, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi damuna, domin in yayana ya daina musu da kai, to ya fara cire ka daga ransa ne.

Na sami Rabe yana shan shayi na ce, "Baban Sadiya, ka san dai fushi yake yi ko?"

"Fushin me? Don shi fa na sayo abin nan. Na kai mu har ƙofar ƙarshe na yi sebin, ban shiga ba, ina jiransa."

"Ka kai ku, ko ka kai kanka? Ranar nan sau nawa ya riƙe hannun?"

Ya kurɓi shayinsa. Sai can ya ce, "To ai ban mutu ba."

"Sai ka yi ta rayuwa kai kaɗai," na ce, na kwashe kofuna. Raina ya ɓaci da su duka biyun. Saura Asabar ɗaya tak, kuma ina ganin abota ta tun ƙuruciya za ta tafi Yola da kumburin fuska saboda wani ɗan akwati.

Ranar Asabar ta ƙarshe Yaya Ila ya zo, amma da manyan kaya da hula, ba gyaɗa. Daga bakin ƙofa ya sanar cewa sallama ya zo yi wa ƙanwarsa. Ya zauna a kan kujera, ba a kafet ba, ya tambayi yara, ya yi mini nasiha a kan zumunci kamar wani baƙo daga ƙauye.

Rabe ya yi gyaran murya. "Ƙofar ƙarshe tana nan a ajiye. Dannawa ɗaya ne ka ga abin da ke ciki."

"A'a, na gode. Ka gani kawai, ka ba ni labari a waya."

Na zaci Rabe zai hau musu, don ya tanadi hujjoji tun safe, na ji yana bitarsu a banɗaki. Sai ya tashi ya zare wayar sabon akwatin, ya janyo tsohuwar na'urar daga ƙarƙashin teburi. Ya ciro kaset ya hure shi, ya saka, allo bai nuna komai ba sai ɗige-ɗige. Ya sake cirewa ya hure.

"Ba haka ake yi ba," in ji Yaya Ila daga kan kujera, ba tare da ya kalle shi ba. "Daga gefe zuwa gefe ake hurawa. Kai tofa masa yawu kake yi."

Aka hura daga gefe zuwa gefe, kiɗan Gajere ya tashi. Rabe ya fara daga farkon fari. Ramin farko wani ɗan tsagi ne da ko Sadiya 'yarmu takan tsallake shi tana cin biskit. Mijina ya tunkare shi a hankali, bai ko taɓa maɓallin tsalle ba, ya zuba Gajere a ciki. Sannan ya miƙa hannun sama, wajen kujera, idonsa na kan talabijin.

"Ramin farko?" in ji Yaya Ila.

"Yatsana ne ya zame."

"Shekara nawa kana tsallake ramin nan, yau yatsa ya zame."

"To ka karɓa mana, agogo na tafiya."

"Agogon da ka ce zalunci ne?"

"Har gobe zalunci ne. Karɓi."

Yaya Ila ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya cire hula ya ɗora a kan kujera, ya tattare babbar riga, ya sauko kafet. Ni kuwa na shige kicin da sauri wai zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba, don kada su ga idona.

Kafin in fito da zoɓo falon ya koma yadda na san shi. Yaya Ila ya mutu a hannun kwaɗo ya ce santsin Gajere ne, Rabe ya ce ashe yau santsin ba hikima ba ne. Rai ya ƙare, suka koma farko, suka sake ƙarewa, suka sake komawa, hannu yana ta kai da kawowa. Dab da magariba suka isa gadar da rai biyu, Rabe ke riƙe. Wannan karon da gaske ya yi, har ya miƙe a kan gwiwa, harshe a waje. Ya taka, ya yi tsalle, ya sake tsalle, gadar ta zube da shi ana saura taku kaɗan. Ya miƙa wa Yaya Ila hannun, sai ladan ya kira salla.

Yaya Ila ya riƙe shi jim kaɗan, sannan ya naɗe wayar a jikinsa a hankali, ya ɗora a kan na'urar, ya kashe.

"Ba za ka gwada ba?" in ji Rabe. "Saura rai ɗaya."

"Salla tukuna. Kuma direba zai zo da asuba." Ya ɗauki hularsa. "Amma ka sani, kai ka mutu ƙarshe. Hannuna ne. In na zo hutun babbar salla, ni zan fara."

Suka fita masallaci suna musun ko gadar tana da adalci.

Yanzu Asabar falona nawa ne, kuma ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Sabon akwatin yana ɗakin yara, sun ga ƙarshen Gajere tun tuni, sun ce ba komai a ciki sai wata tuta da rubutu. Rabe ya toshe kunne ya ce kada wanda ya ƙara ba shi labari. Har yanzu yana rufe shago da wuri, ya dawo ya zauna yana jujjuya tashoshi, ya tura wa Yola saƙon murya a kan zaluncin agogo, a turo masa amsa mai ninki biyu.

Makon jiya na ga zaman ya ishe shi, tausayinsa ya kama ni, na janyo tsohuwar na'urar na ce, "Ka buga mana ko sau ɗaya. Wa zai gaya masa?"

Ya karɓe ta daga hannuna, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya mayar ƙarƙashin teburi.

"Ba layina ba ne, Hansai," ya ce. "Ila bai mutu ba tukuna."