Hutun Maigadi Tak

"Shafi na sha bakwai, ki cire shi," in ji Shugaba Bang. Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta faman goge tabaransa da hankici.

Miran Tak tana tsaye gaban teburinsa, ta haɗa hannaye a gaba kamar yadda ake tsayawa gaban manya. A duk rahoton, shafin nan kaɗai ne ta samo da ƙafarta. Wata biyu ta yi tana zagaya rukunonin gidajen bene na Seoul, tana leƙa 'yan rumfunan masu gadi, tana yi musu tambaya guda: a lokacin da takarda ta ce kuna hutu, me kuke yi? Mutum arba'in da ɗaya ta tambaya. Talatin da takwas suka ce aiki suke yi.

"Ranka ya daɗe, abin da masu gadin suka faɗa ne da bakinsu."

"To ai shi ne matsalar, Dakta Tak. Baki ba hujja ba ne. Wane ma'aikaci za ki tambaya ya ce miki bai gaji ba? Ni kaina in kika tambaye ni, na gaji." Ya yi wa kansa dariya, ita ma ta taya shi da murmushi, don a Cibiyar Cheongsol ba a barin Shugaba ya yi dariya shi kaɗai.

Cibiyar nazarin tattalin arziki ce, a hawa na sha huɗu na wani dogon gini a unguwar Yeouido. Manyan kamfanoni ke biyan hayar ofis, su ke biyan albashi, har ganyen shayin da ake sha daga aljihunsu yake fitowa. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa a nan ƙarshen rahoto ake fara rubutawa, daga baya a je a nemo alƙaluman da za su yi masa rakiya. Ƙarshen wannan rahoton tun bazara aka rubuta shi: ƙarin mafi ƙarancin albashi shi ke korar tsofaffin masu gadi daga aiki, maganin kuma shi ne a ƙara musu lokacin hutu wanda ba a biya. Kuɗin awa ya hau, awoyin da ake biya su sauka, abin da mutum zai kai gida ya tsaya inda yake. Sunan da suka raɗa wa wannan dabara shi ne sassauci.

Shugaba Bang ya mayar da tabaransa, ya dube ta da fuskar mai rabon alheri.

"Ina da albishir. Wannan karon sunanki ne zai hau bangon rahoton, ke kaɗai. Ranar Juma'a za a ba 'yan jarida, ranar ce kuma kwamiti zai zauna kan maganar ba ki aiki na dindindin. Ki turo min gyararren kafin ƙarfe biyar."

Shekara huɗu tana rubutu yana sa suna, ba kuma wanda ya taɓa ganin laifin haka, al'adar gida ce. Kowace Disamba kwantiraginta ke ƙarewa, ta yi sati biyu cikin zullumi sai an sabunta. Yau ga shi ana miƙo mata abin da ta daɗe tana mafarki. Amma ba yarinya ba ce, ta san idan ƙungiyoyin ƙwadago suka fara jifa, sunan da ke bangon rahoto suke saitawa. Ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska, ta ce ta gode ƙwarai da wannan karamci.

Da rana Shugaba ya kai su cin abinci, su tara, a gidan abincin da ke bayan ginin.

"Kowa ya zaɓi abin da ransa ke so, kada ku ji komai," ya ce, yana miƙa musu takardar jerin abinci. "Ni dai taliya mai baƙar miya zan ci."

Aka kawo taliya mai baƙar miya kwano tara.

Dakta Ok, wanda ya riga ta shiga cibiyar da shekara bakwai, ya karkato kai wajenta yana gauraya tasa. "Kin ga kasuwa mai 'yanci ko, ƙanwata? Kowa da kansa ya zaɓa, ba wanda aka tilasta wa."

"Yaya Ok, za a ji ka fa."

"A ji mana. Ni ai an daɗe da saye na. Shafi na nawa ne naki?"

"Sha bakwai."

"Nawa na tara ne, kan masu kai kaya gida-gida. Kwana uku na yi ina kumbure-kumbure, a na huɗu matata ta tambaye ni ko gaskiya ce za ta saya wa yara takalmi." Ya zuƙi taliya. "Ki cire, ki ci abincinki. Ciwon wata ɗaya yake yi, sai ya zama tabo."

Daga can kan tebur Shugaba ya ɗaga murya. "Dakta Tak, mahaifinki har yanzu yana harkar gidaje?"

"Yana yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Harkar gidaje ba ta cin amanar mai ita."

Ta sunkuyar da kai cikin kwano. Ba ƙarya ta yi ba ranar da aka ɗauke ta aiki. Cewa ta yi mahaifinta yana harkar kula da gidaje, ta bar su suka ƙarasa sauran da kansu. Har yau in aka taɓo zancen sai kunya ta kama ta, kuma kunyar kanta take ji ba tasa ba.

Maganin hawan jinin mahaifin nata yana cikin jakarta. Da asuba ya fita ya manta shi a kan firiji, ga shi sai gobe da safe zai sauka daga aiki, mahaifiyarta ta cusa mata shi tana cewa ko ta halin ƙaƙa ta kai masa. Bayan cin abinci ta ce wa ofis za ta ɗakin karatu duba wasu alƙaluma, ta ɗauki kwamfutarta, ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Nowon, inda yake gadi. Tafiyar kusan awa guda ce, ta cinye ta tana maimaita karanta shafin a wayarta.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci ta isa. A tagar rumfar an rataye allo: LOKACIN HUTU, ƊAYA ZUWA UKU. Ba kowa a kan kujera, kwanon shinkafarsa a buɗe, ya ci rabi. Can bayan bene na shida ta same shi, ya duƙa tsakanin buhunan shara yana ware roba daban, gwangwani daban, don gobe motar kwasa za ta zo, in ta tarar da su a cakuɗe shi za a kira. Shekararsa sittin da takwas. Shekara ashirin ya yi yana gyaran injuna a wata masaƙa kafin shekarar da kamfanoni suka durƙushe, tun daga nan yake hannu baka hannu ƙwarya. A rukunin nan kwantiragin wata uku-uku ake ba su.

"A'a, Dakta da kanta!" ya ce, yana zare safar hannu. Haka yake kiranta tun ranar da ta karɓo digirin, ko a gida. "Uwarki ce ta aiko ki ko? Matar nan, in na mutu ma sai ta biyo ni kabari da ƙwaya biyu da kofin ruwa."

"Baba, ba lokacin hutunka ba ne?"

"Ga shi kuwa ina yi. Ba ki ga allo ba?"

Suka koma rumfar. Wuri ne da in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya tsaya, shi kuma ya kafe ita ce za ta zauna. Bai gama haɗiye maganin ba aka ƙwanƙwasa taga, daidai kan allon. Uwargida Pyo ce, shugabar kwamitin mazauna rukunin. Ba muguwar mace ba ce, duk bikin kaka takan kawo wa masu gadi kwalin 'ya'yan itace. Ya miƙe tsaye sosai, ya cire hula, ya rusuna.

"Kawu Tak, ku biyu kuka rage ba ku sa hannu ba, kai da na ƙofar baya," ta ce, ta turo wata takarda ta taga. "Daga watan gobe hutunku ya ƙaru da awa biyu. Ka san mutane na ta ƙorafi kan kuɗin kula da gida. Wasu ma cewa suke yi a sa ƙofa mai buɗewa da lambar sirri a sallame ku gaba ɗaya, ni ce nake ta tare muku faɗa." Ta zaro yankin jarida da aka ja wa layi da rawayar tawada. "Kuma ba ni na faɗa ba, masana ne. Ji nan: ƙarin hutu shi ne garkuwar aikin dattawa."

Miran ba ta buƙaci kallon jaridar ba. Gajeriyar takardar da cibiyar ta fitar ce watan jiya, da sunan Shugaba Bang. Jimlar kuwa tata ce. Har ranar da ta rubuta ta tana iya tunawa, ana ruwa, Shugaba ya leƙo ya ce kalmar garkuwa ta yi masa daɗi.

"Wannan 'yata ce," in ji dattijon, ƙirjinsa ya ɗan taso. "Dakta ce, a Yeouido take aiki." Bai taɓa riƙe sunan cibiyar ba, Yeouido kaɗai ta ishe shi alfahari.

"Kai, abu ya yi kyau! To ai sai ta yi maka bayani, ta fi ni sani. Nan da rabin awa zan dawo in karɓa."

Da ta tafi, ya nisantar da takardar daga idonsa, ya karanta ta a hankali yana motsa leɓe. Sannan ya ajiye ta gaban 'yarsa.

"To Dakta, ke kika yi karatu. Gaskiya ne abin da masanan nan suka faɗa?"

Amsar tana cikin jakar da ke kan cinyarta, da bakin mutum talatin da takwas.

"Baba, idan ka ƙi sa hannu fa?"

"Ƙarshen watan nan kwantiragina zai ƙare. Na rumfa ta uku ya yi gardama bara, har dokar ƙwadago ya karanto musu a tsaye. Kin ga rumfa ta uku da kika shigo? Tukwanen furanni ake ajiyewa a ciki yanzu."

Ta dubi takardar. An bar masa ɗan zagaye na buga hatimi kusa da sunansa.

"To ka sa, Baba."

Ya laluba aljihun ciki ya fito da hatiminsa na katako, wanda ya sassaƙa shekarar da ya yi aure. Ya dangwala shi a jar tawada, ya hura masa iskar baki kamar yadda tsofaffi ke yi, ya ce ta danne masa takardar kada ta motsa. Ta danne da hannu biyu. Ya ɗora hatimin, ya sa nauyin jikinsa a kai, ya ɗaga. Sunan ya fito tsaf.

"Masu rubuta irin wannan," ya ce, yana goge hatimin, "ba wanda ya taɓa yini a rumfa a cikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni abin da ke kwantar min da hankali, ko ba komai kina can tare da su. Duk ranar da aka zo maganarmu, akwai wadda ta san mu a ɗakin."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta buɗe baki za ta gaya masa komai, sai wata mota ta danna ham a bakin ƙofa, babbar mota ce ta kawo kayan wani. Ya mayar da hula ya fita da ɗan gudunsa.

Ta ture kwanon shinkafar gefe, ta buɗe kwamfutar. Idan ta bar shafin, Shugaba zai cire shi da hannunsa, ya sa sunan wani, rahoton ya fita ranar Juma'a kamar yadda aka tsara. Ita kuma Disamba ta yi waje da ita, dattijon ya ci gaba da zama a rumfar nan har ranar da za a kawo tukwanen furanni. Idan ta cire, za ta sami kujera, wataƙila nan da shekara biyu ta iya ce masa ya ajiye hular nan. Amma ranar Juma'a sunanta zai fito a jarida, shi kuwa duk jaridar da aka zubar a rukunin nan sai ya karanta ta kafin ya ɗaure ta cikin shara. Gaba kura, baya siyaki. Ta tsani Shugaba Bang, ta tsani kamfanonin da ba ta taɓa ganin fuskar masu su ba, amma ba kamar yadda ta tsani hannunta a lokacin ba.

Ta goge shafin. Na sha takwas ya matso ya zama na sha bakwai, ba ko alamar an taɓa wani abu. Ta rubuta, "Ranka ya daɗe, ga gyararren, na gode da jagoranci," ta tura. Ƙarfe uku saura kwata.

Ta taga ta hango shi yana tahowa, ya rungumo kwalaye uku har sun kusa rufe masa fuska. Ta yunƙura za ta tashi ta ba shi kujerarsa. Ya leƙo ta gefen kwalayen, ya girgiza kai.

"Yi zamanki, Dakta, ai da sauran lokaci," ya ce. "Gara dai wani ya ci moriyar hutun nan."

Ya wuce da kayan zuwa bene na huɗu.