Motar Nama a Bakin Tabki

...kuma wai hutu. Wannan ne hutun? A ɗauko mace mai shekara sittin daga ɗakinta a Agege, a zuba ta a motar nama, a yi ta gudu har bayan Epe don ta kalli ruwa. Ruwa! Kamar ba shi ke shigo mata tsakar gida duk damina ba.

Fadima na zaune a bakin katifa, ta tattare zaninta kada ya taɓa bango. Ɗanta Naziru ya shafe bangon da farin fenti, ya sa labule, ya kafa risho, har da fulawar roba. Wai gida mai taya. Ita kuwa ta san abin da ya rataya a nan. Shekara talatin mijinta Jumare yana lodin nama daga mayankar Oko-Oba — cinya nan, kai can, kayan ciki a daro, daidai inda aka ajiye filo yanzu. Filo! Tir.

"Oya Mama, sauko mu taka. Kuma ki sa wa motar nan albarka mana, tun safe nake jira."

Albarka. Don ita aka jawo ta daji. Ta sauko kawai.

Tana biye da Naziru a gefen tabkin. Laka na tsotsar silifas ɗinta. Ruwa kore, kumfa-kumfa, ga mataccen kifi ya juya ciki sama, ƙudaje sun yi masa caa... shi ko gogan ya ware hannuwa yana shaƙar iska, sai ka ce turare ake rabawa. Ƙarni —

Jumare a ƙofar gida da la'asar, riga ta ƙame da jini. Tsaya nan! Bokiti, sabulu, lemun tsami. Ba ya taka ɗakinta sai ya yi wanka biyu. Ya taɓa musu? Ina. Dariya kawai. Zo in kai ki bakin teku ranar Juma'a, na wanke motar tas... Sau nawa ya faɗa? Ita kuwa Allah ya kiyaye ta shiga akwatin jini. Ko ranar da ciwo ya kayar da shi, aka kwantar da shi a bayan motar nan za a kai asibiti — ta leƙa, warin ya buge ta, ta ja baya. Ta tari danfo. Danfo, Fadima! Yana ta tsayawa ɗaukar fasinja a Iyana Ipaja. Kafin ta isa an rufe masa fuska.

Ƙafarta na ciwo, ta ce wa Naziru. Ƙarya ce. Ta koma motar ita kaɗai, ta ja ƙofar ta rufe.

Warin fenti. Sabulu. Turaren kanti mai hawa kai. A nan ya kwanta, ko? Kansa ta wannan gefen... Ta ɗaga katifar. Ta durƙusa. Ga 'yar kwatar da jini ke bi ya fita, an goge ta tana ƙyalli. Ta kai hancinta. Ta sake kaiwa, har goshinta ya taɓa ƙarfen.

Babu. Ko kaɗan babu.

Naziru ya wanke ubansa tas. Wa ya koya masa irin wannan wanki? Wa yake kallo tun yana rarrafe, riƙe da bokiti a ƙofar gida?

Yana ƙwanƙwasawa. "Mama? Lafiya?"

Tana durƙushe, hanci a ƙasa, tana neman abin da ta yi shekara talatin tana kora... Yau kam ƙyamar ba ta motar ba ce.