Sunkuyau, Dawar Iya Kaltume

A duk faɗin garin Ƙofa babu wanda ya kai Inuwa yawan cewa ba shi da sa'a. Ya yi kiwon kaji, kafin su fara ƙwai ya ji ana labarin tumatirin rani a Kiru, ya kwashe su ya sayar ya koma lambu. Tumatir na fara fure aka ce masa ai yanzu acaɓa ce ke yi, ya bar lambu ya hau babur. Acaɓar ma wata uku ya yi ya ce bayansa na ciwo. In ka tambaye shi yadda aka yi, sai ya buɗe hannuwa ya langaɓar da kai, shi ga wanda duniya ta cuta.

Matarsa Safara'u, mace ce mai faɗar gaskiya tana dariya, takan ce masa, "Malam, sa'ar fa tana zuwa, ba ta samun ka ne. Duk inda ta biyo ka sai a ce mata jiya ka tashi."

Shi ma sai ya yi dariya, don Inuwa ba mai fushi ba ne. Matsalarsa ɗaya ce, zuciyarsa ba ta iya zama wuri guda.

To, a bazarar nan sai mahaifiyarsa, Iya Kaltume, ta daina cin abinci. Shekaru sun ja, ido ya yi rauni, amma kunne garau, baki kuwa ba a magana. In an kawo tuwon masara sai ta yi loma biyu ta ture akushi. Aka kai ta asibiti, aka duba, aka ce babu wata cuta, ta dai riƙa cin abinci. Ta ce ta ji. Aka dawo gida ta ci gaba da ture akushi, tana ramewa a kan idon kowa.

Ran nan da hantsi Inuwa ya durƙusa gabanta yana lallashi. Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa ta ce, "Auta, ka bar wahalar da kanka. Ni tun da sunkuyau ta ɓace daga gidan nan ban ƙara cin tuwo ba, haɗiya kawai nake yi. Da zan ɗanɗana ta sau ɗaya da na gode Allah. Amma ina, ban ga alamar zan ga kakar bana ba."

Maganar ta soki Inuwa har cikin rai, kuma ya san dalili. Sunkuyau wata dawa ce da mahaifinsa, marigayi Malam Habu, yake nomawa. Shi ya raɗa mata sunan, saboda in ta nuna zangarniyarta sunkuyawa take yi. Tsohon yakan zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya rataye a madafi, hayaƙi yana bugun su, ƙwari ba sa kusanta, har shuka ta zagayo. Shekarar da ya rasu, Inuwa ne da kansa ya sauko da su, wai rataya aikin mutanen da ne. Ya sussuke ya zuba a buhu, ya jefa bayan ƙofa, ya tafi harkar masara da takin zamani kamar kowa. Da aka tuna da buhun, ƙwari sun mai da shi gari.

Ya tashi daga gaban Iya. Ya ɗauki gawayi a murhu ya nufi rumbu, ya zana zangarniya mai lanƙwasasshen wuya a jikin bango, ƙatuwa, yadda ko daga zaure za a hango. Sannan ya kira Safara'u.

"Ki zama shaida. Kafin ruwan shuka zan samo irin sunkuyau. Da kaka kuma, in Allah ya yarda, tuwonta zai shiga akushin Iya. Ba ni da wani aiki sai wannan."

Safara'u ta dubi zanen, ta dube shi. "Allah ya ba da iko, Malam. Shi wannan ɗin na kwana nawa ne?"

Inuwa ya ajiye gawayin. Ya koma wajen Iya ya sa ta kwatanta masa dawar tiryan-tiryan, don shi ya manta rabinta. Ta ce wuyanta kamar ƙugiya yake. Ƙwayar fara ce, da ɗigon ja a gindinta. Karanta kuma akwai zaƙi, har yara kan sha shi kamar takanɗa. Ya maimaita mata sau uku, sai da ta ce ya ishe ta.

Daga ranar ya shiga bin kasuwanni. Ya je Kiru, ya je Kwanar Dangora, ya je Tudun Wada sau biyu. 'Yan hatsi suka yi ta buɗe masa buhu, wannan kaura, wannan farafara, shi kuwa ya ɗebo a tafi ya kai kusa da ido yana neman ɗigon ja. Har suka gane shi. Da sun hango shi sai ka ji ana cewa, "Ga Malam Sunkuyau nan, a ɓoye buhuna kada ya ƙare su da ɗiba."

Ana cikin haka abokinsa Sale ya zo da sabon zance. Wai akwai shago a bakin titi, su haɗa hannu su buɗe wurin cajin waya, sana'ar da ba rana ba ruwa. Wallahi sai da Inuwa ya ji ƙafarsa na ƙaiƙayi. Ya buɗe baki zai ce to, idonsa ya faɗa kan zanen gawayin nan a jikin rumbu, ga kuma tarin Iya yana fitowa daga ɗaki.

Ya ce, "Sale, ka nemi wani. Ina da aiki."

Sale ya saki baki. Tun suna yara bai taɓa jin Inuwa ya ƙi sabon abu ba. Safara'u da ke tankaɗe a tsakar gida ta ji komai, amma ta yi kamar ba ta ji ba, sai dai a ranar naman da ke miyarsa ya fi na kullum.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma sun gama sharar gona, iri bai samu ba. Inuwa ya hau mota ya tafi Doguwa, wadda ita ce kasuwa ta ƙarshe da ta rage masa. Can ma babu. Wani dattijo mai awo ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ka yi ta neman abu inda ba ya zuwa. Irin wannan dawar ba ta shiga buhu. In tana nan, tana rataye a madafin wata tsohuwa." Kunya ta rufe Inuwa, don ya fi kowa sanin haka. To amma madafi nawa ne tsakanin Doguwa da Ƙofa? Ya shiga motar komawa gida.

Sun ƙetare daji, suna isowa Falgore, taya ta yi faci. Fasinjoji suka sauko suna tsaki, wannan na zagin titi, wancan na zagin direba. A gindin wata ɗorawa akwai wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar fura da nono, sai duk aka yi kanta. Inuwa ma ya bi sahu, ba don yana jin yunwa ba.

Tana dama masa fura ƙudaje suka taso. Ta miƙa hannu ta ciro wata 'yar tsintsiya da ta saƙale a bakin ƙwarya, ta kore su, ta mai da ita ta saƙale. Inuwa ya bi abin da kallo. Ba tsintsiya ba ce, zangarniyar dawa ce da aka sussuke, kuma da wuyanta aka saƙale ta, don wuyan a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Ya ajiye ludayi a hankali.

"Goggo, don Allah ara mini wannan in gani."

Ta miƙa masa tana mamaki. Ya juya ta, ya bincika, can a ƙasa ya sami ƙwaya ɗaya da ta maƙale. Fara ce, da ɗigon ja a gindinta.

"Goggo, ina kika samo wannan?"

"A gonata mana. Ina zan samo?"

Daidai nan direba ya gama ɗaura taya ya hau danna oda. Fasinjoji suka ruga. Wani ya leƙo ta taga yana cewa, "Malam, za ka ko ba za ka ba?" Inuwa ya ɗaga masa hannu ya ce su sauka lafiya. Mota ta tafi ta bar shi tsaye da tsintsiyar korar ƙuda a hannu, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Sunan matar Goggo Zubaida. Ya ɗaukar mata ƙwarya suka bi wata siririyar hanya zuwa rugarsu. Yana sunkuyawa ya shiga bukkar da take girki, ya ɗaga kai, ga su nan reras a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi, kowace da wuyanta a lanƙwashe. Ya sa hannu a aljihu ya ce ta faɗi abin da zai bayar.

Ta ɓata rai. "Kai ɗan ina ne da ba ka san ba a sayar da iri ba? Ni ma ba saya na yi ba."

Ya ba ta haƙuri, ya ce shi mutumin Ƙofa ne.

"Ƙofa? Gidan wa?"

"Gidan Malam Habu, mai gona a gindin tsamiya."

Goggo Zubaida ta dafa ƙirji ta zauna a kan turmi. Ta ce tana amarya suka yi rani guda a gonar nan da shanunsu, shanu suna cin kara suna zuba taki, kamar yadda aka saba tsakanin makiyayi da manomi. Da za su tashi Malam Habu ya ba su dami guda na dawar nan, ita kuwa ta ware na iri, tun daga lokacin ba ta taɓa bari ta yanke ba. "Matarsa Kaltume ce ta koya mini kaɗa miyar kuka, tana yi tana yi mini tsiya. Tana raye?"

"Tana raye, Goggo. Ita ce ma ta aiko ni, ba ta dai san nan ta aiko ni ba."

Ta sauko da zangarniya bakwai ta naɗe masa a tsumma, ta ɗora masa da curin man shanu.

Da ya isa gida ya ɗora ɗaya a cinyar Iya. Ta lalubo ta, yatsunta suka bi wuyan har inda ya lanƙwashe, suka tsaya. Ta kai hanci ta shinshina. Sai hawaye, sai dariya, duk a haɗe. Ta ce, "Ja'iri, ashe kana iya gama abu." Safara'u ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Kwana uku bayan nan aka yi ruwan shuka.

Sauran aikin ba na sa'a ba ne, na jiki ne. Sunkuyau ba ta sauri. Mutane suka karye masararsu suka kai gida, tasa tana tsaye kore shar, masu wucewa suna tambayarsa ko sai baɗi za ta haihu. Da ta fitar da kai tsuntsaye suka taru mata, ya ɗaura gwangwanaye a igiya ya wuni yana ja. Duk wanda ke neman Inuwa a shekarar nan ya san inda zai same shi. Iya kuwa ta koma cinye tuwon masararta tas, tana ci tana mita. "Kada ku ce daɗi nake ji. Jira nake yi, kuma ba a jira da yunwa."

Da kaka aka yanke dawa. Inuwa ya ari babur ya je Falgore ya ɗauko Goggo Zubaida, tsofaffin biyu suka rungume juna, kowace tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa. Safara'u ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da daddawa, aka zuba man shanu. Iya ta kai lomar farko. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta kai ta biyu, ta kai ta uku. Sai da ta suɗe akushi, sannan ta miƙa shi sama ta ce, "Safara'u, wai rowa kike yi mini?"

Sale yana zaure da nasa kwanon, yana ci yana girgiza kai. "Kai dai Inuwa ka taki sa'a. Da tayar nan ba ta yi faci ba fa?"

Safara'u ta amsa daga tsakar gida. "Sa'a ce, Malam Sale, kuma daga Allah take. Amma motar nan cike take da mutane, duk sun sha furar Goggo, duk an kore musu ƙuda da tsintsiyar nan. Mutum ɗaya ne ya san abin da ya fito nema."

Inuwa kuwa hankalinsa na kan Iya. Ta sa an jawo mata dami, tana laluben zangarniyoyi ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu nauyi gefe. Da ta tara goma ta ɗaure su da kanta, ta dogara sanda ta nufi madafi.

"Auta, zo ka rataye mini waɗannan a hayaƙi, kuma in ka kuskura ka sa su a buhu ni da kai ne. Na baɗi ne. Gonar gindin tsamiya za ka shuka mini gaba ɗaya, wannan 'yar kaɗan ɗin ba za ta kai ni ko'ina ba."

Inuwa ya karɓa ya taka turmi. Ya daɗe a sama yana ɗaurin da bai kai minti ɗaya ba, da ya sauko kuma ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa, alhali tun ɗazu aka kashe wutar.