Ƙayar Ɓeran Kulu

"Uban wa ya sa ku?" Lami ta daka wa leburorin tsawa, da ƙwarya a hannunta. Ai sun riga sun gama. Gindin katangar gidan Kulu, inda ƙayar ɓera ta shekara ashirin da biyar, ya koma ɗanyen siminti.

Maharazu, ɗan maƙwabciyarta Kulu, ya shigo yana gyara hula. Soja sun miƙa mulki, jibi za a rantsar da shi kansila, tun yanzu tafiyarsa ta canza.

"Baba Lami, ƙaya ce fa. Manyan baƙi za su zo gaida Inna, sai ta yaga musu riga?"

"Ka tambaye ta?"

"Tana fama da kanta zan dame ta da zancen ciyawa?"

Ciyawa! Lami ta ji kamar ta kwaɗa masa ƙwaryar. Mutanen Dala ba su san wa tsiron nan amfani ba sai toshe ramin ɓera. Kulu kuwa da saiwarsa ta baro ƙauyensu shekarar babban fari. Tohonsa mai taushi ta riƙa dafawa da gishiri, shi ya raya ta, ita da wannan mai hular yana goye. Yau kwana huɗu tana kwance, ta ƙi koko, ta ƙi farfesu. Tun da ruwan farko ya sauka ba ta da magana sai ta tohon, Lami kuma ta yi mata alkawari.

Ta figi mayafi ta nufi Kasuwar Kurmi. Masu magani suka zazzage mata busasshiyar saiwa. Da ta ce toho take so na ci, wani har da dariya.

Ta dawo ta tarar idon Kulu a ƙofa.

"Lami, ya toho?"

"Ya toho, Yaya. Bari in ɗora."

Ta hura wuta daidai inda Kulu za ta hango, ta ɗora tukunya da ruwa zalla, ta zuba gishiri. Kulu ta yi murmushi, tana jira. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Maharazu ya durƙusa a bakin ɗaki yana kuka. "Me ta nema ban ba ta ba?"

Lami ta dube shi, ta dubi simintin. Mata suka fara shigowa da salati, suna kauce wa gindin katanga kada su taka sabon daɓe. A kan murhu tukunyar na ta tafasa, ba wanda ya tuna ya sauke.