Kanyar Gonar Boko

Kwana uku ke nan Inna Haulatu ba ta sa komai a bakinta ba in ba ruwa ba. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abinci. Ɗanta Kabo, mai acaɓa a Kusada, ya kawo tsire, ya kawo fura, duk ta kawar da kai. Kanya kawai take so, ita ma ta gonarsu ta hanyar garin Boko. Ya sayo ta kasuwa, ta ɗanɗana ta tofar, wai an tsinke ta ɗanya, bauri kamar ta tauna ɓawon itace.

To, gonar nan Kabo ne da kansa ya sayar da ita shekara biyu da suka wuce ya sayi babur, Inna na cewa kada. Bube makiyayi ne ya saya. Tun daga nan Kabo ko hanyar ba ya bi, don kunya.

Da hantsi dai ya daure ya tafi. Kowa ya san ƙa'idar: kanyar da ta faɗo da kanta ta mai wucewa ce, amma girgiza itace sai da yardar mai gona. Kabo ya yi niyyar tsintar ta ƙasa ya sulale, ba wanda ya gan shi. Sai dai awaki sun riga shi sammako, ba su bar masa ko ɗaya ba. Ga ta can sama ta nuna, ga shi a ƙasa da leda, ƙaton mutum, ya rasa inda zai sa kansa.

A haka Bube ya same shi. Suka gaisa, Kabo ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗi gaskiya.

"Haba Kabo, mi ya hana ka tahowa tun shekaranjiya?" in ji Bube. "Gona na saya. Kanyag ga ba ni na shuka ta ba, ba kai ba."

Ya hana shi jifa da sanda, wai tana fasa nunanniya ta kaɗo ɗanya. Mayafinsa ya shimfiɗa, ya haye itacen da furfurarsa, ya girgiza reshen gabas a hankali. Suka zauna suna latsa kowace da yatsa, mai taushi kaɗai ke shiga ledar Kabo. Kabo ya rasa bakin godiya, sai "Allah ya saka, Baffa" yake ta maimaitawa.

Da Kabo ya kai mata gida, Inna ta ɗauki ɗaya, ta tsotsa ido a rufe, ta tofar da ƙwallon a tafin hannu. Ta ci ta biyu, ta ci ta bakwai. Kabo na tsugune bakin ƙofa, farin ciki ya cika shi.

Can ta buɗe ido ta dube shi.

"Ka zauna kana kallona? Ce wa matarka Rukayya ta dama mani kunu, yunwa nike ji."