Mitar Batir a Tsakanin Rafi Biyu

Ruwan bai ma sauka a kansu ba. Can arewa aka tafka shi, su dai sun iso sun tarar rafin da ke gabansu ya cika ya batse, ya shafe hanya. Brodie ya juya motar da 'yar tirelarsu ta kwana da nufin su koma inda suka fito, suka tarar na bayan ma ya kawo. Dole suka dawo kan wani tudu mai jar ƙasa a tsakanin rafukan biyu, suka buɗe tantin tirelar. Wani direban babbar mota da suka samu ta rediyon oba-oba ya ce an rufe hanyar garin Normanton, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa. Tsallakawa da ƙafa kuwa ba a ma zancenta, akwai kada.

Narelle, matar Brodie, ba ta damu da abinci ba. Abincin gwangwani na nan, ruwan sha na nan. Abin da ya hana ta sakat shi ne firjin tirelar, inda take ajiye insulin ɗin 'yarsu Tahlia, yarinya 'yar shekara huɗu mai ciwon suga. A irin wannan zafi da ko ƙarfen mota ba ya taɓuwa, idan firji ya tsaya maganin ba zai jima ba zai lalace. Firjin da batirin tirela yake aiki, ga gajimare ya rufe sama, sola ba ta kawo abin kirki.

Washegari da safe ta tare mijin.

"Me ya rage a batirin?"

"Akwai."

"Akwai kamar yaya?"

"Haba Narelle, sabon batir ne fa."

"Sabo ba ya ƙarewa? Ina mitar auna batir ɗin nan da ka saya kafin mu taso, ka ce za ka haɗa?"

Surukinta Des, mahaifin Brodie, yana kishingiɗe a kujerar ninkewa, ya rufe fuska da malafa saboda ƙudaje. Daga ƙarƙashin malafar ya ce, "Tana cikin durowa, ko ledarta ba a fasa ba. Wajen sayen kaya dai ɗana injiniya ne."

"Baba, da kai ake?"

"Ni ɗan kallo ne, ku ci gaba."

Brodie ya ɗauko mitar, 'yar ƙarama ce, ba ta fi kwalin ashana ba, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Batirin yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, kafin a kai gare shi sai an kwashe katifa da jakunkuna da tulin tarkace. Ya leƙa tantin, hucin ciki ya doke shi, ya fasa. Ya zagaya gaban tirelar, wajen da ake ƙulla ta da mota, ya sami wasu wayoyi masu kauri, ja da baƙa su ma. Ya fere su da wuƙa, ya haɗa, ya naɗe da salatif. Mitar ta kawo haske: sha biyu da ɗigo bakwai.

"Kin gani? Cike yake dam. Sai ki bar ni in sha iska."

Narelle ta sauke ajiyar zuciya. Ta je ta duba sugan Tahlia, ta yanka mata tuffa, ta zaunar da ita a inuwa tana yi wa 'yar tsanarta wanka a kwano.

Bayan rana ta yi tsaka ne kunnenta ya ɗauko wani abu. Ta san kukan firjin nan kamar yadda ta san numfashin 'yarta. Yanzu sai ya tashi, ya yi gurnani kaɗan, ya ɗauke. Can ya sake tashi, ya sake ɗaukewa. Ta sa hannu a ciki, da sauran sanyi, amma kwalbar madara ta fara gumi. Ta je ta tsuguna gaban mitar tana jira. Firjin ya tashi, ya mutu, lamba ko gezau.

Tana nan tsugune Des ya shiga mota ya murɗa makulli don ya saurari labarin yanayi, ya kunna fankar motar. Lambar ta sauka zuwa sha biyu da ɗigo huɗu.

"Baba Des, kashe fankar nan."

"Ki bar tsoho ya..."

"Don Allah kashe."

Ya kashe, lambar ta hau. Ta ce ya kunna, ta sauka. Ta ƙwala wa Brodie kira, suka maimaita a gabansa. Ya tsaya yana kallo, sannan ya dafe kai da hannu biyu.

"Wayar da ta fito daga mota ce, wadda ke shiga caja. Batirin mota muke aunawa tun safe."

Ta shige tantin ta fara jefo jakunkuna waje. Su biyu suka ɗaga katifa, gumi na zuba musu a ido. Brodie ya kwance wayoyin daga inda ya ɗaura su, ya rufe ferar da ya yi, ya shiga cikin akwatin har kafaɗa. Narelle ta riƙe masa murfi da gwiwa, tana miƙa masa filaya. Ya sa ɗan ƙaramin fis na kariya a jar wayar dab da kan batir, ya ɗaure ta a kai, baƙar kuma a ɗaya kan.

"Karanta mini, ba na gani daga nan."

"Sha ɗaya da ɗigo shida."

Firjin ya yunƙura, lambar ta faɗi ƙasa da sha ɗaya, ya ɗauke.

Brodie ya fito da gudu ya tayar da mota. Lambar ta fara hawa, firjin ya kama aiki sosai. Amma kowa ya san ba za a bar inji yana ci ba. Man da ke tanki da ƙyar zai kai su gari ya bar ɗan ragi, kuma in aka buɗe hanya suka rasa na tafiya, an koma gidan jiya. Da ya kashe motar, Narelle ta bi duk abin da ke jan wuta ta cire: fitilu, fankar tanti, famfon ruwa, cajar waya. Ta dawo ta zauna gaban mitar. Duk da haka firjin ba ya hutawa, lambar kuma tana zamewa a hankali a kan idonta.

Ta san dalili, faɗarsa ce ke mata nauyi. Firjin gida biyu ne. Ɓangaren da ya fi girma an saita shi ya daskarar, kuma cike yake da kifin baramundi da Des ya kama a gaɓar teku, ya gyara da hannunsa, ya jera a leda. Kowace shekara haka yake komawa da shi kudu ya raba wa abokansa, tun matarsa na da rai suke yin haka tare. Bana ne karo na farko da ya yi tafiyar ba ita.

Ta je ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba Des, ɓangaren ƙanƙara ne ke cinye batirin. Sai an kashe shi."

"A tayar da mota mana."

"Da wane man?"

"Ruwan nan gobe ma zai iya janyewa. Na ga wanda ya fi shi."

"Zai iya. In bai janye ba fa?"

Ya cire malafar, ya daɗe yana kallon rafin da ke ta wucewa da itatuwa. Tahlia ta zo ta ɗora masa jiƙaƙƙiyar 'yar tsana a cinya.

"Kaka, riƙe ta, sanyi take ji."

"Ita kaɗai ke jin sanyi a ƙasar nan," in ji shi. Ya miƙe da 'yar tsanar a hammata, ya je gaban firjin, ya danna maɓallin kashe ɓangaren ƙanƙarar da kansa.

Narelle ba ta bar sanyin kifin ya tafi a banza ba. Ta kwashe gwangwanayen giya da lemo daga ƙaramin ɓangaren, ta jera daskararren kifi a ƙasa ya zama ƙanƙara. Ta naɗe insulin ɗin a tawul ta ɗora can sama inda ba zai taɓa kifin ba, domin daskarewa ma lalata shi take yi. Sauran kifin ta bar shi a rufe, ta ce duk wanda ke ƙasa ya narke a musanya shi da wani, wanda ya narke a ci. Ta kuma kafa doka: ba mai buɗe firjin sai ita.

Firjin ya yi aiki na ɗan lokaci, ya kashe kansa, ya daɗe shiru. Wannan karon hutu ne. Lambar ta tsaya a sha biyu, ba ta ƙara sauka ba.

Da la'asar Brodie ya hura wuta, Des ya ɗauko leda biyu da suka fara laushi a bakin murfi ya shimfiɗa a kasko, yana ta mita cewa ba a taɓa cin kifin sarauta irin wannan a cikin ƙudaje ba. Narelle ta je bakin rafi ta dawo, ruwan bai ragu ba. Ta ja kujerarta zuwa inda za ta riƙa ganin mitar da yarinyar lokaci guda, ta karɓi farantin da surukinta ya miƙo mata, ta fara zare wa Tahlia ƙaya.